Eût da fût: yadda ake sarrafa aikatau a plus-que-parfait du subjonctif na Faransanci

Faransanci yana da wani yanayi na aikatau da ake kira subjonctif. Ana shiga cikinsa ne idan abin da ake faɗa ba labari ne tsagwaronsa ba, wato buri ne, ko tsoro, ko shakka, ko nadama, ko kuma wata mahaɗa ce ta zo a gaba ta tilasta shi. Lokuta huɗu ne a ƙarƙashinsa: présent, passé, imparfait da plus-que-parfait. Biyun farko su ake ji a bakin mutane kullum, a Faris ne ko a Yamai ko a Garwa. Biyun ƙarshe sun koma cikin littattafai, kuma na ƙarshen nan shi ɗalibai suka fi jin tsoro, musamman masu shirin jarrabawar kammala sakandare a Nijar da Kamaru da Chadi, da masu karatun Faransanci a jami'o'in Najeriya.

Tsoron nan ba shi da tushe. Haɗa wannan lokaci ya fi haɗa présent du subjonctif sauƙi nesa ba kusa ba, domin kalmomi 12 kacal za ka haddace, su ne za su yi maka aiki a kan kowane aikatau da ke cikin harshen. Inda gizo ke saƙar shi ne gane shi a cikin jimla, da raba shi da wani lokaci da suka yi kama kamar an tsaga kara, wato passé antérieur. A nan ne maki ke zubewa a wajen shifta, kuma a nan ne 'yan jaridar Faransa su kansu ke yin tuntuɓe.

Kalmomin 12

Lokaci ne mai gaɓa biyu, kamar passé composé: aikatau mataimaki, sannan participe passé, wato siffar aikatau irin ta parlé ko parti. Mataimakin ko dai avoir ko être, kuma ana sa shi a imparfait du subjonctif. Ga na avoir:

que j'eusse
que tu eusses
qu'il eût, qu'elle eût
que nous eussions
que vous eussiez
qu'ils eussent, qu'elles eussent

Ga kuma na être:

que je fusse
que tu fusses
qu'il fût, qu'elle fût
que nous fussions
que vous fussiez
qu'ils fussent, qu'elles fussent

Wanda ya san passé simple, shuɗaɗɗen lokacin da ake ba da labari da shi a rubuce, ba ya ma bukatar hadda. Ɗauki siffar "tu" a passé simple, wato tu eus da tu fus, ka cire harafin s na ƙarshe, sai saiwa ta rage: eu- da fu-. A kan saiwar ake ɗora ɗafa-ƙeya shida: -sse, -sses, -t, -ssions, -ssiez, -ssent. Biyar daga ciki suna da s biyu. Ɗaya tak, ta mutum na uku tilo, ba ta da s ko ɗaya, sai dai tana da 'yar hula a kan wasalin u, alamar da ake kira accent circonflexe. Hular nan tana da dalili. A tsohon rubutu eust da fust ake rubutawa, sai aka daina furta s ɗin, daga baya aka cire shi aka ɗora hula a gurbinsa, kamar yadda forest ya koma forêt, hospital ya koma hôpital. Ƙamus ɗin Académie française, hukumar kula da harshen Faransanci, na 1740, bugu na uku, shi ya tabbatar da wannan sauyi a dubban kalmomi. Asalin siffofin kuwa daga Latin ne, habuissem da fuissem.

Wajen furuci akwai abin lura guda uku. Na farko, "eu" na cikin eusse da eût ba a furta shi kamar na peu ko feu. Ana furta shi daidai da "u" na tu da vu. Babu wannan wasali a Hausa. Hanyar samun sa ita ce ka tsuke leɓɓanka kamar za ka ce "u", ka bar su a haka, sannan ka ce "i". Na biyu, -ent na eussent da fussent ba a furta shi sam, don haka eusse, eusses da eussent sauti ɗaya ne a kunne. Na uku, t na eût da fût shiru yake, sai in wasali ya biyo baya: a qu'il eût parlé ba a jin sa, a qu'il eût été kuwa ana jin sa ya manne da été.

Daga nan sai ka jingina participe passé. Parler zai ba ka que j'eusse parlé, que tu eusses parlé, qu'il eût parlé, que nous eussions parlé, que vous eussiez parlé, qu'ils eussent parlé. Partir kuma que je fusse parti, qu'elle fût partie, que nous fussions partis, qu'elles fussent parties.

Hanya mafi aminci, wadda ba ta cika ɓatar da mutum ba, ita ce ka fara faɗin jimlar a passé composé, tunda shi bakinka ya saba da shi, sannan ka sauya mataimakin kaɗai. Il a fini ya koma qu'il eût fini. Elle est venue ta koma qu'elle fût venue. Nous nous sommes trompés ya koma que nous nous fussions trompés. Duk abin da ke daidai a passé composé, na zaɓen mataimaki da na daidaita jinsi da adadi, haka yake a nan ba ragi ba ƙari. Wannan na nufin yawancin kurakuran da ake gani a wannan lokaci tsofaffin kurakurai ne da ɗalibi ya taho da su tun daga ƙananan azuzuwa, sai dai a nan sun fi fitowa fili.

Participe na aikatau masu ƙarewa da -er yana ƙarewa da -é, na rukuni na biyu irin su finir da choisir yana ƙarewa da -i. Rukuni na uku ne ke bukatar hadda: fait, dit, écrit, pris, mis, vu, su, pu, voulu, reçu, vécu, ouvert, craint, né, mort. Devoir yana ba da dû, da hularsa a namiji tilo kaɗai, don haka qu'il eût dû yana ɗauke da huluna biyu a jere, kuma daidai ne. Avoir da être su kansu avoir suke ɗauka: qu'il eût eu, qu'il eût été. Ba a cewa qu'il fût été.

Aikatau masu ɗaukar être 'yan kaɗan ne: aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, monter, descendre, rester, tomber, retourner, naître, mourir, devenir, da 'ya'yansu irin su revenir, rentrer da parvenir, sai kuma dukkan aikatau masu "se". Amma sortir, monter, descendre, rentrer da retourner suna komawa avoir da zarar sun sami karɓau kai tsaye. Bien qu'elle fût sortie yana nufin duk da ta fita. Bien qu'elle eût sorti la voiture yana nufin duk da ta fitar da motar. Ita ce ta fita a na farko, shi ya sa sortie ya sami e. Mota ta fitar a na biyu, kuma motar ta zo bayan aikatau, shi ya sa sorti ya zauna yadda yake.

Dokar daidaitawa da avoir ita ce ta kullum: participe yana bin karɓau kai tsaye ne in karɓau ɗin ya riga shi zuwa. Je doutais qu'il eût lu les lettres, babu daidaitawa. Je doutais qu'il les eût lues, an ƙara -es saboda les ya zo a gaba kuma yana wakiltar wasiƙu, jam'i tamata. Aikatau masu "se" sun fi wuyar sha'ani. Bien qu'elle se fût levée tôt, an daidaita, domin kanta ta tayar. Bien qu'elle se fût lavé les mains, ba a daidaita ba, domin hannaye ne aka wanke kuma sun zo a baya. Bien qu'ils se fussent parlé, nan ma babu s, domin parler à quelqu'un ake cewa, "se" ɗin ba karɓau kai tsaye ba ne.

Korewa tana rungumar mataimakin ne, ba participe ba: qu'il n'eût pas parlé, qu'elle ne fût jamais venue, qu'il n'eût rien dit. Personne ce ke fita daga layi, tana zuwa bayan participe: qu'il n'eût vu personne. Wakilan suna kuwa gaban mataimaki suke tsayawa: qu'il me l'eût dit, qu'il ne me l'eût pas dit.

Aikinsa na farko: abin da ya riga ya faru, a cikin labarin da ya wuce

Sharuɗɗa uku ne ke haɗuwa kafin wannan lokaci ya fito a ƙaramar ganga, wato ɓangaren jimla da ya dogara da babban ɓangarenta, babbar ganga. Dole a sami abin da ke jawo subjonctif, kamar aikatau na so ko tsoro ko shakka, ko mahaɗa irin su bien que, quoique, avant que, sans que, jusqu'à ce que, à moins que. Dole aikatau na babbar ganga ya kasance a shuɗaɗɗen lokaci ko a conditionnel, siffa irin ta serait da aurait. Dole kuma aikin ƙaramar ganga ya zama ya kammala. Dubi waɗannan jimloli huɗu, domin su ne gaba ɗaya tsarin da Faransawa ke kira concordance des temps:

Je regrette qu'il parte. Ina baƙin ciki zai tafi.
Je regrette qu'il soit parti. Ina baƙin ciki ya tafi.
Je regrettais qu'il partît. Ina ta baƙin ciki a lokacin cewa zai tafi.
Je regrettais qu'il fût parti. Ina ta baƙin ciki a lokacin cewa ya riga ya tafi.

Ta huɗun ita ce tamu. Kalmar "riga" ta Hausa tana kama ma'anar sosai, kuma in kana fassara zuwa Hausa za ka ga sau da yawa ita ce ke cike gurbin. Ga wasu misalai irin waɗanda ake cin karo da su a ƙagaggun labarai na ƙarni na 19 da ake karantawa a manyan azuzuwan sakandare:

Bien que la pluie eût cessé, la route restait impraticable. Duk da ruwa ya ɗauke, hanyar ba ta biyuwa.
Il partit sans que personne l'eût vu. Ya tafi ba tare da kowa ya gan shi ba.
C'était le plus beau cheval qu'il eût jamais vu. Shi ne doki mafi kyau da ya taɓa gani.
Elle craignait que son fils ne se fût perdu. Tana tsoron kada ya zama ɗanta ya ɓata.

Jimlar ƙarshe tana da tarko. Wannan "ne" ɗin ba korewa ba ce. Ne explétif ake kiran ta, tana bin craindre que, de peur que, avant que da à moins que a rubutu mai nauyi. Uwar tana tsoron ya ɓata ne, ba tsoron bai ɓata ba. In ana son korewa ta gaske sai an ƙara pas: elle craignait qu'il ne fût pas arrivé, tana tsoron kada ya zama bai isa ba. Mai fassara da ya kasa bambanta su zai juya ma'anar jimla baki ɗaya.

Akwai kuma wani abu da littattafan makaranta ke yawan tsallakewa. Ba kullum ne aikin ƙaramar ganga ke riga na babbar ganga faruwa ba. Le directeur exigeait que les élèves eussent fini avant midi: shugaban makaranta ya nace ɗalibai su gama kafin sha biyun rana. Lokacin da yake nacewar ba su gama ba tukuna. Abin da eussent fini ke nunawa a nan shi ne kammaluwa kafin wani wa'adi. Saboda haka ya fi dacewa ka riƙe cewa wannan lokaci na kammalallen aiki ne, maimakon ka ce na aikin da ya gabata ne kawai.

Shin dole ne a bi wannan tsari a yau? Ba dole ba ne. A ranar 28 ga Disamba 1976 ministan ilimin Faransa na wancan lokaci, René Haby, ya sa hannu a kan wata doka ta sassauci ga masu gyaran jarrabawa. Daga cikin abin da ta ƙunsa, ta yarda a sa présent du subjonctif a gurbin imparfait, a sa passé du subjonctif a gurbin plus-que-parfait. Ma'ana, je regrettais qu'il soit parti ba kuskure ba ne, kuma shi ne ma abin da kowa ke faɗa da rubutawa. Dokar ba ta kawo sabon abu ba, ta amince ne da abin da bakin mutane ya daɗe da yi.

Aikinsa na biyu: "da … da …"

Bahaushe ba baƙo ba ne a wajen zancen abin da bai faru ba. Da ya sani, da ya zo. A Faransancin yau ana cewa s'il avait su, il serait venu: plus-que-parfait na indicatif, yanayin faɗin labari tsagwaronsa, bayan "si", sannan conditionnel passé a ɗaya ɓangaren. A rubutun adabi kuwa plus-que-parfait du subjonctif yana iya maye gurbin kowane ɗaya daga cikin biyun, ko ma duka. Siffofi huɗu ke nan, ma'anarsu ɗaya:

S'il avait su, il serait venu.
S'il eût su, il serait venu.
S'il avait su, il fût venu.
S'il eût su, il fût venu.

Idan ya maye gurbin serait venu ko aurait fait, tsofaffin littattafan nahawu suna kiran sa conditionnel passé deuxième forme, suna ba shi gurbi daban a jadawali. Wannan ya rikita ɗalibai da yawa har suna zaton lokuta biyu ne za su haddace. Siffa ɗaya ce, harafi da harafi. Abin da ya bambanta shi ne ba ya bukatar "que" a gabansa, kuma yana iya tsayawa a babbar ganga da ƙafarsa. J'eusse aimé vous voir daidai yake da j'aurais aimé vous voir, da na so in gan ku.

Shahararren misali na cakuɗa siffofin biyu shi ne na masanin Faransa Blaise Pascal, a littafinsa Pensées da aka buga a 1670 bayan rasuwarsa: "Le nez de Cléopâtre, s'il eût été plus court, toute la face de la terre aurait changé." Da hancin Kiliyofatra, sarauniyar Masar ta dā, ya fi haka gajarta, da fuskar duniya duka ta sauya. Ɓangaren sharaɗi yana da eût été, ɓangaren sakamako yana da aurait changé na yau da kullum.

A kula da kyau a nan. Kowane ɗalibi an hana shi cewa si j'aurais su, kuma hanin yana nan daram. To me ya sa aka yarda da si j'eusse su? Domin bayan "si" wannan siffa tana tsaye ne a madadin j'avais su, ba a madadin j'aurais su ba. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin hujjar sa aurais bayan "si".

Wannan aiki na biyu shi ne ya fi rai a yau. Za ka ji qui l'eût cru ?, wa zai yi zato, har a bakin masu sharhin ƙwallo. Za ka ga on eût dit, sai ka ce. Il eût mieux valu, da ya fi kyau. Il eût été préférable, da ya fi dacewa. Comme s'il eût voulu parler, kamar mai son yin magana. Akwai kuma juyin da ke ba da ma'anar "ko da": eût-il été riche, il n'aurait rien donné, ko da mai kuɗi ne da ba zai ba da komai ba. Dukkansu mutum na uku tilo ne. Ba haka kawai ba: eût da fût gajeru ne, ba su da nauyi a baki, yayin da eussions da fussiez suke da nauyin da kunnen Bafaranshe na yau ke jin sa kamar fankama.

Hula ko babu hula

Passé antérieur, lokaci ne na indicatif, ana haɗa shi da passé simple na mataimaki: j'eus parlé, tu eus parlé, il eut parlé, nous eûmes parlé, vous eûtes parlé, ils eurent parlé. A mutum biyar babu mai rikita shi da namu. A mutum na uku tilo kuwa, il eut parlé da il eût parlé, il fut parti da il fût parti, sautinsu ɗaya ne sak, hula ce kaɗai ta raba su. Kuma abin takaici, wannan mutum na ukun shi ne aka fi amfani da shi a labari.

Mai jin Hausa yana da wata fa'ida a nan da ya kamata ya mora, domin irin wannan matsala tana cikin rubutun harshensa. Dubi "kafin ya gama" da "bayan da ya gama". A rubuce "ya" ɗaya ce, amma ba abu ɗaya ba ne. Mayar da su jam'i ka gani: "kafin su gama", amma "bayan da suka gama". Ba a cewa kafin suka gama, ba a cewa bayan da su gama. Kafin yana jawo siffar umartau, domin aikin bai auku ba a lokacin. Bayan yana jawo shuɗaɗɗen lokaci, domin aikin ya auku an gama. Haka Faransanci yake: avant que yana jawo subjonctif, après que yana jawo indicatif, kuma dalilin ɗaya ne. Gwajin ma ɗaya ne, wato mayar da jimla jam'i:

Avant qu'il eût fini ya koma avant qu'ils eussent fini. Eussent ya fito, to da hula.
Après qu'il eut fini ya koma après qu'ils eurent fini. Eurent ya fito, to babu hula.

Après qu'il eût fini kuskure ne da ya cika jaridu da littattafai, saboda mutane suna kwatanta après que da avant que, har a magana ana jin après qu'il soit parti. Masu gyaran shifta ba sa yafe shi.

Gwajin jam'i yana aiki ne ga wanda kunnensa ya saba da eurent da eussent. Wanda bai kai nan ba ya yi gwajin musanya da kalmomin da ya sani. In za ka iya cire kalmar ka sa ait ko soit jimla ta tsaya, subjonctif ne, ɗora hula: bien qu'il eût plu, bien qu'il ait plu. In za ka iya sa aurait ko serait, nan ma hula: il eût été préférable, il aurait été préférable. In kalmar ta biyo "si" ko comme si na sharaɗi, hula ce ko da yaushe, domin passé antérieur ba ya zama a wannan gurbi. In kuwa ta biyo quand, lorsque, dès que, aussitôt que, après que ko à peine, kuma babbar ganga tana passé simple tana ba da labarin abin da ya faru da gaske, babu hula: dès qu'il eut mangé, il sortit, da ya gama cin abinci sai ya fita, à peine fut-il entré que le téléphone sonna, shigarsa ke da wuya sai waya ta yi ƙara.

Quand yana da ƙofa ɗaya da yake karɓar hula: idan yana nufin "ko da", galibi a siffar quand bien même. Quand bien même il eût refusé, ko da ya ƙi. Gwajin aurait zai nuna maka, tunda quand bien même il aurait refusé daidai ne.

Wasu suna zaton gyaran rubutu na 1990 ya kashe wannan hula. Gyaran, wanda aka buga a jaridar hukuma ta Faransa ranar 6 ga Disamba 1990, ya ba da damar cire hula a kan i da u a kalmomi irin su coût da paraître, amma ya bar ta a ƙarshen aikatau: a "nous" da "vous" na passé simple, da mutum na uku tilo na imparfait da plus-que-parfait du subjonctif. Ya kuma bar ta a dû, mûr, sûr da jeûne. Ko wane tsarin rubutu kake bi, tsoho ko sabo, qu'il eût da qu'il fût suna nan da hularsu. A allon madannai na AZERTY, wanda aka fi amfani da shi a ƙasashe masu Faransanci, maɓallin hula yana dama da P: danna shi, sannan ka danna u. A kwamfuta mai Windows da allon Ingilishi, riƙe Alt ka buga 0251 a madannan lamba na gefe. A waya kuwa riƙe harafin u har zaɓi ya fito.

Wani tarko da ke kusa da wannan shi ne na fût da participe. Ba duk inda ka ga su tare ne plus-que-parfait ba. Qu'il fût venu plus-que-parfait ne, domin venir yana ɗaukar être. Qu'il fût puni kuwa imparfait ne a siffar wanda aka yi wa aiki, wato a hukunta shi, domin punir avoir yake ɗauka. Plus-que-parfait ɗinsa kalmomi uku ne: qu'il eût été puni, a ce an riga an hukunta shi. A tambayar nahawu inda aka ce ka faɗi lokacin aikatau, fara da tambayar kanka wane mataimaki wannan aikatau ke ɗauka a passé composé. In avoir ne amma ka ga fût, to aikin a kansa ya faɗa, kuma lokacin imparfait ne.

A ina za ka rubuta shi da kanka?

Ra'ayinmu a nan a fili yake. Ka iya karanta shi a dukkan mutum shida, ka iya rubuta shi daidai in an yi maka shifta, amma ka yi tsimin sa a rubutunka. Takardar neman aiki, rahoton ofis, saƙon imel, duk ba wurinsa ba ne. Passé du subjonctif da conditionnel passé sun wadatar. Wanda ya rubuta wa shugabansa je souhaitais que vous eussiez reçu mon dossier bai karya doka ba, amma mai karatu zai tsaya kallon kalmar ya manta da buƙatar. Wurinsa shi ne labarin da aka gina a kan passé simple, ko maƙala mai nauyi ta adabi, ko jawabi na musamman, kuma ko a can mutum na uku ya fi zama lafiya. In ka fara bin tsohon tsari a rubutu ɗaya, ka bi shi har ƙarshe. Qu'il fût parti a sakin layi na farko da qu'il soit parti a na biyu, a gurbi iri ɗaya, yana nuna hannun bai zauna ba.

Mu ɗauki jimlar Hausa mu bi ta mataki mataki: malamin bai yarda cewa 'yan matan sun riga sun iso ba. Babbar ganga ita ce l'instituteur ne croyait pas. Croire a korewa yana jawo subjonctif, kuma yana shuɗaɗɗen lokaci. Isowar ta kammala, "riga" ta nuna haka. A passé composé za a ce les filles sont arrivées, to mataimaki être ne, participe kuma jam'i tamata. Sauya sont da mutum na uku jam'i daga jadawali, fussent, ka sa déjà tsakanin mataimaki da participe: L'instituteur ne croyait pas que les filles fussent déjà arrivées. A Faransancin yau da kullum, soient déjà arrivées.

Ga kuma jimla mai ɗauke da tagwayen biyu a wuri ɗaya: Quand il eut compris qu'il eût mieux valu se taire, il sortit. Da ya gane cewa da ya yi shiru da ya fi, sai ya fita. Na farko ya biyo quand, ganewar ta faru da gaske, sortit yana passé simple, kuma a jam'i quand ils eurent compris ne, babu hula. Na biyu kuwa shirun bai auku ba, kuma il aurait mieux valu yana shiga gurbin daidai. Eût ne, da hularsa.